Yadda za ka gane tauraron Dabaran da idonka a sararin Tawa

Duk wanda ya tashi a Adar ya san sunan Dabaran. Idan zafin bazara ya kai maƙura, wajen ƙarshen watan Mayu, za ka ji dattawa a gindin dogon yaro suna cewa Surayya ta fita, Dabaran ya shiga, saura Haƙa'a a fara zancen shuka. Amma ka ce wa mai faɗin haka ya nuna maka shi da yatsa, a nan ake yin ta. Da yawa sun sha ganinsa ba su san shi ba ne. Kuma ba laifinsu ba ne, domin kwanakin da ake ambatonsa su ne kwanakin da ba a ganinsa sam. A lokacin rana tana zaune a jiharsa, tare suke fitowa, tare suke faɗuwa, haskenta ya rufe shi. Mai son ganin Dabaran sai ya jira ɗari.

Ni mushen lakwal ne a nan Tawa, kuma kowace shekara nakan fitar da ɗalibaina bayan gari su gan shi. Ga yadda muke yi.

Lokaci ne farko. Dabaran yana riga jiyansa fitowa da kusan minti huɗu kowane dare, wato awa biyu ke nan a wata. A farkon Oktoba sai bayan ƙarfe goma na dare yake ɓullowa. A farkon Nuwamba, takwas da ƴan mintoci. A farkon Disamba kuwa ana kiran magariba yana fitowa, ya kwana a sama har asuba. Daga nan kullum idan duhu ya yi za ka tarar ya riga ya hau: a farkon Janairu yana tsakiyar sama da ƙarfe goma da rabi, a farkon Fabrairu da takwas da rabi. Zuwa Afrilu ya koma yamma, tsakiyar Mayu ya ɓace. Ga mai koyo, ni na fi son tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba, bayan sallar isha'i, don a lokacin yana gabas bai yi nisa da ƙasa ba, ba sai ka karya wuya ba. Ka kuma duba kwanan wata. Daga ishirin ga watan Musulunci zuwa huɗu ko biyar ga mai kamawa, sama tana da duhu da farkon dare. Farin wata ba ya ɓoye Dabaran kansa, amma yana shafe ƙananan taurarin da ke kewaye da shi, su ne kuwa shaidarsa.

Babban abokin gaba shi ne hazo. Ranar da ƙura ta tashi har rana ta zama fara fat tun la'asar, kada ka wahalar da kanka, ka sha shayinka a fada ka kwanta. Ka jira daren da iska ta lafa. Ka nemi wurin da babu fitila a gabanka ta gabas; idan kana cikin gari, hau kabu-kabu ka ɗan fita ta hanyar Agadas, ko ka hau soro ka juya wa fitilun titi baya. Daren da aka ɗauke kuran ma riba ce. Ka sa salularka cikin aljihu ka zauna kamar minti goma sha biyar ido ya saba da duhu. Yara sun fi kasa wannan, kowa hannunsa na ƙaiƙayi ya leƙa waya, kuma leƙe ɗaya ya mayar da kai farko. Ka ɗauki bargo, sanyin Disamba a fili ba wasa ba ne.

To, ka fuskanci alƙibla, yadda kake tsayawa salla. Wannan wata sa'a ce da mu mutanen wannan yanki muka yi: alƙiblar Tawa tana wajen digiri 74 idan aka auna daga arewa zuwa gabas, Dabaran kuma yana ɓullowa a digiri 73. A Yamai ma kusan haka ne, alƙibla 72, mafitarsa 73. Saboda haka inda goshinka yake kallo a sahu, nan yake fitowa, sannan ya hau kusan a miƙe. Sai dai a kula, wannan daidaituwa ta lokacin fitowarsa ce. Idan ya yi sama ko ya karkata yamma, kada wani ya ce zai nemi alƙibla da shi.

Ɗaga kai ka nemi Kaza da ƴaƴanta. Wannan kam kowa ya san ta: ɗan cincirindon taurari ƙanana a dunƙule, mai ido na ƙwarai ya ƙirga shida ko bakwai. Ita ce Surayya ta malamai, Buzaye kuma suna kiranta Shat Ahad, ƴan matan dare. Tana riga Dabaran fitowa da kusan awa guda. Miƙa hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi; faɗin dunƙulen nan a sama kusan digiri goma ne, ko kai babba ne ko yaro, don mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. Daga Kaza ka sauko ƙasa, ka ɗan karkata dama, dunƙule ɗaya da rabi. Za ka ci karo da tauraro ɗaya mai haske sosai, launinsa ruwan goro. Shi ne.

Kada ka yarda tukuna sai ka ga shaida. Dabaran ba shi kaɗai yake ba, yana zaune ne a ƙarshen wani tsari na taurari mai kama da gwafa. Idan yana gabas, bakin gwafar yana kallon ƙasa, tsininta yana sama, shi kuma yana ƙarshen reshen dama. A ƙarshen reshen hagu akwai wani tauraro da bai kai shi haske ba. Duk gwafar ba ta wuce rabin dunƙule ba. Ka bi reshen dama daga Dabaran zuwa tsini, a tsakiya za ka ga wani da idan ka ƙura masa ido sai ya rabu biyu, taurari ne guda biyu manne da juna. Da wannan nake gwada idon ɗalibai. Akwai yarinyar da ta ce mini ita ɗaya take gani duk yadda ta yi, alhali na kusa da ita suna ta cewa ga su nan biyu. Na aika wa mahaifinta ya kai ta a duba ido, yanzu da tabarau take karatu. Idan ka samu madubin hangen nesa irin mai ido biyu, ko na ƴan kasuwa ne, ka ɗora shi a kan gwafar nan, taurarin da za ka gani sun fi ƙarfin ƙirgen yatsu. A watan Maris da Afrilu, da ya koma yamma, gwafar takan juye, bakinta ya kalli sama, Dabaran ya koma reshen hagu. Wannan yakan rikita wanda ya saba ganinsa a gabas kawai.

Akwai hanya ta biyu, ta tabbatarwa. Awa ɗaya da ƴan mintoci bayan fitowar Dabaran, taurari uku a jere suna fitowa daidai gabas, tazararsu ɗaya, haskensu kusan ɗaya. Su ne ɗamarar babban tsarin da Larabawa ke kira Jauza, Buzaye ke kira Amanar. Ka ja layi daga ukun nan zuwa sama, ka auna taƙi ɗaya da hannu a miƙe, wato wajen digiri ashirin, za ka sauka kusa da Dabaran. Ka ci gaba da layin, ka isa Kaza. Idan kuwa ka ja shi ƙasa, zai kai ka ga Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraron dare haske, shi ne aka ambata da suna a cikin Suratun Najmi.

Abubuwa biyu ne ke yaudarar mutane. Na farko wani jan tauraro ne a kafaɗar Jauza, hagu da ukun nan, dunƙule ɗaya daga gare su. Yakan ma fi Dabaran haske, ya kuma fi shi ja, amma ba shi da gwafa, shi kaɗai yake tsaye. Na biyu duniyoyi ne, masu zagaya rana kamar tamu duniyar, don hanyarsu ta nan ta ratsa. Mirrihu ja ne, kuma yakan biyo ta wurin kusan duk shekara biyu. A ƙarshen 2024 Mushtari ne ya zauna kusa da Dabaran har ya dushe shi. Duniya haskenta a tsaye yake, ba ta cika ƙyaftawa ba, kuma idan ka dawo bayan mako biyu za ka ga ta gusa. Dabaran yana nan inda ka bar shi a bakin gwafarsa. Masu sa manhajar Stellarium a waya, ba laifi, kyauta ce kuma tana aiki, amma ka fara nema da ido, ka duba wayar daga baya. Wanda waya ta nuna wa, gobe ma sai ya nemi waya.

In ka iya haƙurin dare, ka jira ya kai tsakiya. Dabaran yana digiri 16 da rabi arewa da layin da ya raba sama biyu, arewa da kudu, Tawa kuma tana kusan digiri 15 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ma'ana yana bi ta kan tsakar kanmu, bambancin bai kai digiri biyu ba. A Yamai digiri uku ne. Sai ka kwanta rigingine a tabarma kafin ka kalle shi da kyau, kuma a nan ne hazo bai cika damunsa ba, launinsa ya fita sosai. Mutumin Faransa ba ya taɓa samunsa haka, kullum a karkace yake ganinsa ta kudu.

Yanzu sunan. Dabaran Larabci ne, ad-Dabaran, mai bin baya, domin kullum yana biye da Surayya, ba ya cim mata, ba ya kuma barin sawunta. Larabawan dauri suna da tatsuniya a kai: wai ya nemi auren Surayya ta ƙi shi don talaka ne, sai ya tattaro ƴan raƙumansa ya koro su a matsayin sadaki, yana bin ta har yau. Raƙuman su ne taurarin gwafar nan. Girkawa kuwa sa suka gani a wurin, gwafar ita ce fuskarsa, Dabaran idonsa, Kaza tana bisa tozo, ƙahoni biyu sun miƙe gabas. Shi ya sa burujin ake ce masa Saur, wato sa, na biyu a cikin goma sha biyu, bayan Hamal kafin Jauza (ta buruji, ba mai ɗamarar nan ba), kuma a littattafan Larabci za ka ga ana kiran tauraron Ainus Saur, wato idon sa. Baɗlimus na Iskandariyya ya sa shi cikin jerin taurarinsa wajen shekara ta 150. Abdurrahman as-Sufi, mutumin Farisa, ya sake auna taurarin nan a littafinsa na 964, ya haɗa siffofin Girkawa da sunayen Larabawa. Da aka shiga juya littattafan Larabci zuwa Latin a Andalus, musamman a birnin Toledo a ƙarni na 12, sai sunan ya haye Turai da alif da lam ɗinsa, ya zama Aldebaran. A 1603 wani Bajamushe, Johann Bayer, ya raba wa taurari haruffan Girka, ya ba shi na farko, Alfa na burujin Sa. A 2016 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tabbatar da Aldebaran a matsayin sunansa na hukuma. Mutanen Indiya Rohini suke ce masa, kuma su ma masaukin wata ne a lissafinsu.

Mu ta hanyar malaman hisabi ya zo mana. Wata yana zagaya sama cikin kwana 27 da ɗoriya, kowane dare ya sauka a wani masauki. Suratu Yasin ta ambaci waɗannan manzilolin. An ƙirga su 28, Dabaran ne na huɗu idan aka faro daga Nuɗuha: Nuɗuha, Buɗaina, Surayya, Dabaran. Rana ma ta nan take bi, amma a hankali, kwana 13 a kowane masauki, Jabaha kaɗai ke da 14, jimla 365. Aka raba su bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Dabaran shi ne autan bazara. Wannan ne ya sa manomi ya damu da shi: ba don yana kawo ruwa ba, sai don kalandar wata tana zagayawa, watan azumi yau a zafi gobe a sanyi, lissafin taurari kuwa yana tafiya da rana, ita ce kuma ke tafiya da damina. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na ruwan da aka yi a Hudaibiyya, ya ja kunne a kan mai cewa tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Malamanmu sun san da shi, shi ya sa suke cewa alama ce.

Kawuna yana cikin masu wannan lissafi, a ka yake riƙe da su duka 28. Wani daren Disamba na nuna masa shi daga tsakar gida. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Mushe, wannan jan? Ai tun ina kiwo nake ganinsa bayan Kaza." Na ce, "Shi ne, Kawu." Ya ce, "To me ya fito yi da ɗari, shi da yake na bazara?" Na ce masa na bazara ne don a bazara rana ke sauka a gidansa, yanzu kuwa tana can ɗaya ɓangaren, wajen Ƙalbu da Shaula, taurarin kunama. Ya ƙirga da yatsu daga Dabaran, ya ga goma sha huɗu ne cif zuwa Ƙalbu, rabin 28. Ya ce, "Lalle." Abin haka yake a sama: Ƙalbu, jan tauraron da ke zuciyar kunama, yana daura da Dabaran, idan ɗaya na fitowa ɗayan na faɗuwa.

Shi kansa tauraron, rana ce irin tamu da ta tsufa. Nisansa kusan shekarar haske 65 ne. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga rana zuwa nan minti takwas yake yi, daga Dabaran kuwa shekara 65. Hasken da ke shiga idonka a shekarun nan ya baro can ne wajejen 1960, lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai. Nauyinsa bai fi na rana da yawa ba, amma ya cinye makamashin cikinsa na farko, ya kumbura har faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 44. Da shi ne a gurbin ranarmu, da faɗinsa a sama ya kai taƙin nan da ka auna ɗazu. Kumburin ne ya sanyaya fatarsa: zafinta wajen digiri 3,600 ne, na rana 5,500, shi ya sa ya yi ruwan goro. Duk da haka hasken da yake fitarwa ya fi na rana sau 400 da wani abu, don girman jikin. A taurarin dare shi ne na 14 wajen haske. A 1864 William Huggins da William Miller a Ingila suka tsaga haskensa da gilashi, suka ga alamun ƙarfe da wasu sinadarai irin waɗanda ke nan ƙasa.

Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki shi ne raƙuman ba nasa ba ne. Taurarin gwafar dangi ne, tare aka haife su, tare suke tafiya, nisansu wajen shekarar haske 150. Dabaran bai kai rabin wannan nisa ba, ya dai faɗo ne a kan layin ganinmu. Kaza kuwa tana can wajen 440. Kuma ba a kafe yake ba. A 1718 Edmond Halley ya gwada matsayin taurari da abin da mutanen da suka rubuta, ya ce uku sun gusa, Dabaran na cikinsu, da Shi'ira da Simakur Ramih. Gusawar tasa sai ya shekara wajen 9,000 kafin ya matsa faɗin wata guda, don haka gwafar za ta ishe jikokinka yadda take. Kumbon Amurka mai suna Pioneer 10, da aka harba a 1972, jiharsa ya nufa. Ana lissafin sai nan da shekara miliyan biyu zai kai wajejensa.

Idan ka gane shi, ka sa ido ga wata. Kowane zagaye yakan ratsa ta unguwar, kuma cikakken watan ƙarshen Nuwamba ko na Disamba a nan kusa yake sauka. Hanyar wata tana lilo, arewa da kudu, cikin shekara 18 da rabi da ɗoriya. Idan ta karkato kudu a wannan yanki, wata yakan bi ta gaban Dabaran ya rufe shi ɗungum, tauraron ya ɗauke farat ɗaya, ya sake ɓullowa ta ɗaya gefen bayan kamar awa guda. An yi jerin irin wannan daga 2015 zuwa 2018, na gaba sai 2033. A shekarun nan hanyar ta karkata arewa, Kaza yake takawa, tun 2023 har zuwa 2029.

Daga Dabaran sauran lissafin yana da sauƙin bi, don a jere suke zuwa gabas. Koma wurin jan tauraron kafaɗar Jauza, ka duba ɗan sama da shi ta wajen Dabaran, rabin dunƙule da ɗan ƙari, za ka ga ƙananan taurari uku a cure, masu raunin haske. Haƙa'a ke nan, farkon damina, ita kam tana son duhu sosai. Ƙasa da ita ta hagu akwai Hana'a, fari mai matsakaicin haske. Can ƙasa kuma ta arewa maso gabas, taurari biyu masu haske kusa da juna, su ne Zira'a. A tsakiyar Disamba da ƙarfe tara na dare duk sun fito, daga Surayya har Zira'a, masauki biyar a layi ɗaya. Nasara tana biye, amma ita wani ɗan gajimare ne na haske, sai ka ƙara awa biyu ta hau sama ta fita daga ƙura.